Gwaza a Kwalekwale

Seleta ta ɗanɗana ruwan ramin da suke noman gwaza a ciki, ta tofar. Gishiri ne zalla. Teku ce ke tsattsafowa ta ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ganye ya yi ɗorawa. Amma a ɗan tsibirin nan nasu na ƙasar Tuvalu, inda kana tsaye a tsakiya kana hango ruwa dama da hagu, magani ɗaya kowa ya sani: in ganye ya yi ɗorawa, a ƙara taki. Haka kakanni suka yi. Kowane gida da sirrin takinsa, kowa kuwa sai ƙarawa yake, gwaza na ta mutuwa.

Irin gwazar gidan mijinta ya kusa ƙarewa. Mijin na can yana aiki a jirgin ruwa, ita kuwa matar ɗa ce, ba ta da ta cewa a maganar rami. Sai ta ciro 'ya'yan gwazar da ke da sauran rai, ta cika wani fasasshen kwalekwale da ƙasa da ɓawon kwakwa a bayan madafa, ta dasa, tana ba su ruwan sama na tanki. Suka yi kore shar.

Puava, ƙanwar mijin, ita ta fara gani. "Iye, matar Yaya! Gwaza a kwalekwale? Kamun kifi za ta tafi?" Kafin a tashi daga coci ran Lahadi, zance ya gama gari.

Surukinta, tsoho Semese, ya kira ta.

"'Yar nan, so kike ran biki in kai gwazar kwalekwale zauren taro, dattawa su yi mini dariya? Abin da bai fito daga ramin ubana ba, ba abinci ba ne. Ki mayar."

"Baba, ruwan ramin..."

"Na ce ki mayar."

Ina za ta kai ƙara? Duk inda ta juya dangin miji ne, bayansu kuma teku. Ta tumɓuke shukarta, ta bi shi rami, maƙwabta na leƙe daga nasu ramukan. Ta shiga taɓo tana dasawa, tana sane da cewa binne su take yi.

Da ta ɗago, sai ta ga tsohon ya juya wa mutane baya, ya tsoma yatsa a ruwa ya kai baki. Ya tofar a hankali. Ko mamaki bai yi ba. Ashe ya daɗe da sani.

Ya sunkuya ya ɗauki 'yar gwazar ƙarshe, wadda ta fi duka lafiya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Wannan ta mutu. Je ki yar."

Ya danƙa mata, ya yi ƙasa da murya ba tare da ya dube ta ba.

"Ki dasa ta a bayan madafa, 'yata. Ki rufa mata buhu, kada a gani."