Addu'ar da Babu Tawada

Shekara talatin da ɗaya Mai Keke ta yi tana ɗinki a ɗaki guda, a hawa na biyu na wani dogon gida mai ƙofofi takwas a jere. Laƙabin ya bi ta har ya danne sunanta na ainihi, ko Fasto in ya tashi kiranta a coci Mai Keke yake cewa. Mace ce mai hannu, mai baki kuma. In ta auna ki sau ɗaya, ba ta sake tambayar faɗin kafaɗarki sai dai in ƙiba kika yi, wannan kuwa za ta gaya miki a gaban kowa.

Tun farkon shekara idanunta suka soma cin amanarta. Ramin allura ne ya fara ɓacewa, sai layin alli a kan yadi mai duhu, daga baya fuskar mutum in ya tsaya a bakin ƙofa. Ba ta gaya wa kowa ba. Da lalube take sa zare, wani lokaci ta yi kwata guda tana fama kafin ya shiga. Tsoronta ɗaya ne: ranar da aka ji cewa tela ba ta gani, masu kawo ɗinki za su watse, 'yarta kuma, wadda ta daɗe tana cewa "Mama, ki dawo wurinmu ki huta," za ta zo da mota ta kwashe ta. Mai Keke ta san irin wannan hutun. Kujera ce a kusurwar falo, sai kallon bango.

Bango ɗaya ya raba ta da Malama, wadda ta koyar a firamare har ta yi ritaya, mijinta kuma ya rasu shekara biyu da suka wuce. Shekara huɗu ke nan ba sa ga maciji da juna, a kan ƙarar keke. Wata rana Malama ta buga bango da ludayi ta ce ana hana ta karatu, Mai Keke ta leƙo ta ce ai wanda ya gama aiki ya kamata ya bar masu yi su yi. Shi ke nan fa. Abin dariyar shi ne coci ɗaya suke zuwa, in aka ce a gaisa da na kusa, sai su miƙa wa juna yatsu biyu kowa na kallon wani wuri.

A kowace shekara ikkilisiyarsu takan keɓe kwana uku, daga Jumma'a zuwa Lahadi, don taron addu'a na musamman. Akan janye bencina a jera su da'ira, yadda kowa zai ga fuskar kowa. Ranar farko kowa yakan rubuta abin da ke damunsa a takarda, ba suna, ya naɗe ya jefa a kwando. Bayan hutu sai a zaga da kwandon, kowa ya ɗauki ta wani, ya riƙe ta da addu'a har ranar rufewa. Bana kuma an ba Mai Keke aikin sababbin rigunan mawaƙa guda ashirin, za a sa su ran Lahadi. Ta karɓa ne don kada a tambaye ta dalilin ƙi. Jumma'a ta zo, saura goma sha biyu ba wuya ba kalmasa.

Fasto bai yi doguwar magana ba. Ya ce, "Kwana ukun nan ba don mu ba Allah labari ba ne, ya riga ya sani. Don mu ji na juna ne."

Mai Keke ba ta karɓi takarda a bakin ƙofa ba, don ba ta ga mai miƙawa ba. Ta laluba jaka ta yago shafi daga tsohon littafin awonta, ta zaro biro, ta ɗora a kan littafin waƙoƙi ta rubuta da ƙarfi, kamar yadda take danna alli. Ta naɗe ta jefa. Bayan hutu Malama ce ta zago da kwando, don ita ke kula da shi duk shekara. Mai Keke ta miƙa hannu ta kuskure bakin kwandon, ta sake miƙawa, sai kawai ta ji an sa mata takarda a tafin hannu, an wuce. Ta buɗe kamar kowa, ta duƙar da kai kamar kowa. Ba abin da ta gani sai ɗigo-ɗigo baƙi. Kunya ta kama ta, ga nauyin wani an ba ta amma ba ta san ko menene ba. A ranta ta ce, "Ya Ubangiji, kai ka iya karatu, ka duba da kanka."

Washegari da safe, ta aza shayi ke nan ta zauna gaban keke tana fama da zare, aka ƙwanƙwasa. Ta ɗauka mai karɓar ɗinki ce. Da ta buɗe, ƙamshin sabulun ya gaya mata ko wace ce kafin murya.

"Ina kwana. In shigo?" in ji Malama.

"Ban fara ɗinki ba tukuna, balle ki ce na dame ki."

"Ba wannan ya kawo ni ba."

Malama ta shigo, ta kawar da tulin riguna daga kan kujera ta zauna ba a ce mata zauna ba. Mai Keke ta ji motsin takarda.

"Kin san ni nake tace kwando lokacin hutu," in ji Malama. "Akwai masu jefa takarda ba rubutu, sai in cire don kada wani ya tafi hannu biyu. Jiya na samu ɗaya fara fat. Har na ɗaga zan yar, sai na juya bayanta. Kafaɗa sha shida, tsawo hamsin da biyu, ƙugu arba'in da huɗu. 'Yar'uwa, duk cocin nan ni kaɗai ce mai wannan ƙugun, ke kaɗai ce kuma kika taɓa auna shi."

Mai Keke ta ce, "Fara kamar yaya? Na yi rubutu."

"Kin yi. Biron ne ba tawada."

Mai Keke ta tsaya da zare a hannu. Wato ta cika shafi da biro busasshe, ta naɗe, ta jefa, ba ta ga cewa ba abin da ya fito ba. Ba wata shaidar da ta fi wannan, da hannunta kuma ta bayar, ga mutum ɗaya da ba ta so ta sani.

Ta yi ƙarfin hali ta ce, "To, tunda ba rubutu, ba magana."

"Shekara talatin da biyar ina karanta rubutun 'yan aji ɗaya, wannan ne zai gagare ni? Kin danna biron kamar za ki huda takardar. Na karkata ta wajen taga, kowane harafi ya fito." Malama ta sassauta murya. "Kin ce, idanuna suna tafiya. Kin ce, a roƙa mini kada kowa ya gane."

Mai Keke ta laluba kujerar keke ta zauna. Haushi take so ta ji, don shi ta saba da shi, amma ya ƙi zuwa. Abin da ya zo gajiya ce, ta wata takwas tana riya cewa tana gani.

"Ni na riƙe takardar, ban mai da ita kwando ba," in ji Malama. "Rabin farko na yi addu'a a kai jiya, na yi yau da safe. Rabi na biyu kam ban yi ba, ba kuma zan yi ba. Ki kai ƙarata wurin Fasto in kin ga dama."

"Ke ba ki san abin da zai biyo baya ba. In aka ji, wa zai kawo mini ɗinki? Yarinyar nan za ta zo ta naɗe ni kamar tabarma."

"Ai na daɗe da sani, ban gaya wa kowa ba. Bangon nan ba kauri gare shi ba. Da can kekenki ba ya tsayawa sai kin tashi cin abinci. Yanzu ya yi minti biyar, ya yi shiru na minti ashirin. Na san ba hutu kike yi ba, ba halinki ba ne."

Hawaye suka zubo wa Mai Keke, ta share da gefen wata rigar mawaƙa kafin ta tuna ta mutane ce.

Malama ta miƙe ta tsaya a kanta. "Wataƙila yanar ido ce. Mijina ya yi ta, aka cire masa, da rana muka dawo gida. Ban ce ita ce ba, ni ba likita ba ce. Amma ran Litinin zan raka ki a duba, ko kina so ko ba kya so. Yau dai nuna mini inda zaren nan yake bi."

Haka suka wuni. Malama ta sa tabarau ta zura wa allurai goma zare ta soke su a jere a jikin matashi, ta naɗa ƙananan zaren ƙasa guda shida, ta bi layin wuya da farin alli mai kauri. Mai Keke kuwa hannunta bai manta komai ba. Da zarar an ɗora mata yadi daidai, ƙafa ta hau aiki. Kalmasar hannu Malama ta ɗauka. Ta farko da ta gama, Mai Keke ta bi ta da yatsa ta ce, "Wannan ɗinki ne ko shingen awaki? Warware." Malama ta ce ɗalibanta ma ba su sha wannan wuya a hannunta ba, amma ta warware. Kafin lokacin taron yamma ya yi, riguna tara sun hau igiya, saura uku.

Suna shirin fita, Mai Keke ta ɗaura ɗankwali, ta tsaya tana juya jakarta. Roƙo ba ya mata sauƙi, a rayuwarta ba ta cika yin sa ba. Ta zaro takardar da aka ba ta jiya ta miƙa.

"Malama, ki karanta mini wannan. Kwana guda ke nan ina riƙe da damuwar bawan Allah, ban san me zan roƙa masa ba."

Malama ta karɓa. Mai Keke ta kasa kunne, amma ba ta ji an warware takarda ba, tabarau ɗin ma yana kan keke inda aka ajiye shi.

Malama ta ce, "An rubuta, tun da maigidana ya rasu, sai in yi kwana uku ban yi magana da kowa ba. Ina dafa abincin mutum biyu in zubar da rabi. A roƙa mini."

Mai Keke ta ce, "Ba ki buɗe ba."

"Ban buɗe ba."

"Ke kika sa mini ita a hannu jiya."

"Ni ce," in ji Malama. "Na ga taki tukuna, na san ba za ki iya karantawa ba. Shi ya sa na ba ki. Ni ma ba na so kowa ya gane."

Dariya ta kuɓuce wa Mai Keke, hawaye na bin ta. Tsofaffi biyu, kowace ta kai kukanta coci ta kuma yi dabarar da ba wanda zai ji shi. Ta miƙa hannu ta karɓe takardar, ta mai da ita jaka ta ja zif.

"Tawa ce, ni aka ba, sai Lahadi zan sake ta," in ji ta. "Rabin abincin nan kuma kada ki ƙara zubarwa, ni ba na ganin gishiri in ina zubawa. Yanzu riƙe ni mu sauka, matakalar nan ta ƙasa ta daɗe tana ba ni tsoro."