Gilashin da ke bangon Yaya

A ofishin duba gine-gine na ƙaramar hukuma ma'aikata huɗu ne, amma uku gadin fanka suke yi. Mai shiga rana shi ne wanda 'yan gidansu ke kira Auta, mutanen gari kuwa Mai Jan Fenti, don duk gidan da ya shafa wa ja a ƙofa, kwana bakwai ne a kwashe kaya.

Aikinsa ba wuya. In bango ya tsage, sai ya manna siririn gilashi a gicciye kan tsagar, ya riƙa leƙowa wata-wata. In bangon yana motsi, gilashin zai fashe. In aka yi wata shida yana nan lafiya, sai a rufe fayil.

Yayarsa tana zaune a rukunin gidajen da hukumar ta gina ta sayar, waɗanda ɗan kwangila ya yi wa rowar siminti har kana iya kankare bulo da farce. Mijinta ya rasu ya bar mata gidan da yara huɗu, ba ta da ko'ina sai nan. Tsagar tana ɗakin yaran, daga kan taga har ƙasa. Ranar da Auta ya manna gilashin ta tsaya a bayansa ta riƙe ƙugu.

"In ya fashe fa?"

"Ba zai fashe ba, Yaya."

"Auta, ni na goya ka. In ya fashe fa?"

Ya ci gaba da goge hannu. Akwai abin da ya sani bai faɗa ba. A bana an ware kuɗin gyara gida ashirin a rukunin, waɗanda aka tabbatar bangonsu na motsi. Shugaban sashe ya ja musu kunne kada kowa ya ji, don in magana ta fita, kowa zai sa dutse ya fasa nasa. Auta kuwa mutum ne mai bin doka har abin ya zame masa ciwo.

Wata shida yana zuwa, gilashin kawai yake dubawa ya fita, kullum garau. Sau shida ya rubuta cewa bango ba ya motsi, ya sa hannu. Aka rufe fayil, jerin gida ashirin ya wuce sama, babu na Yaya. Bai damu ba, tunda gidan lafiya yake.

Da ya je kai mata albishir, ta shiga ɗora masa ruwan shayi, shi kuma ya leƙa ɗakin yaran. Nan ya ga hasken rana kwance a kan katifa, ba kuma ta taga ya shigo ba. Ya sa yatsa a tsagar, ya shige. Ya sa uku, suka shige. Gilashi kuwa yana nan ƙalau, sai dai simintin da ke riƙe da shi ɗanye ne.

"Yaya, wa ya taɓa wannan?"

Ba ta yi musu ba. Ta jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado ta juye a gabansa, fasassun gilasai suka zube.

"Tun satin farko yake fashewa. Mai gyaran taga ke yanko mini wani. In ka gani ai ja za ka shafa mini, ina zan kai yaran nan?"

Ya faɗa mata zancen gida ashirin.

"Ka sani, ka yi shiru?"

"An hana mu faɗa."

"Har ni?"

Washegari ya kai wa shugaban sashe gwangwanin. Mutumin ko kallon ciki bai yi ba, ya buɗe fayil ya nuna masa sa hannunsa guda shida.

"Jeri ya riga ya tafi, ba kuma wani sai abin da Allah ya yi. In bangon ya kai yadda kake faɗa, ka san abin da doka ta ce."

Ya sani. Baƙin ciki ya cika shi, ya rasa wanda zai ɗora wa laifi ya huta. Ga damina ta kawo kai, yara huɗu suna kwana a gindin bangon nan.

Da la'asar ya isa ƙofar gidan da gwangwanin fenti. Yaya tana shanya, ta juyo ta gan shi, ta ga abin da ke hannunsa. Ta kira yaran ta ce su matsa daga bakin ƙofa, kada fentin kawunsu ya ɓata musu kaya.