Maganin da Ya Daina Ɗaci

"Umma, yau ma babu ɗaci," in ji Yasmin, tana lasar cokalin.

Rahmatu ta ɗaga kwalbar a hasken taga. Ruwan bai ragu fiye da ƙima ba. Kwana tara ke nan da dawowarsu Daura daga asibiti a Katsina, inda aka cire wa 'yarta ƙodar da ciwon daji ya kama. Likita ya ba su maganin kashe zafi mai ƙarfi, cokali ɗaya duk bayan awa huɗu. Da farko yarinyar kan samu barci. Yanzu kuwa sai ta dunƙule, ta cije gefen zani, ko tari ba ta yarda ta yi saboda ɗinkin.

Lallai wani ne ke shan maganin yana cika kwalbar da ruwa. Zuciyar Rahmatu ta tsaya kan Zailani, ƙanin mijinta, wanda kodin ya taɓa lalatawa. Ta daina barinsa shiga ɗakin.

"Matar Yaya, shekara biyu rabona da abin nan," ya ce daga bakin ƙofa.

"Na ce maka wani abu?"

"Idonki ya faɗa."

* * *

Ranar Lahadi da hantsi ta ce za ta shiga maƙwabta, sai ta laɓe a zaure. Ba Zailani ne ya fito da kwalbar ba. Inna Yelwa ce, surukarta. Ta tsugunna bayan randa ta tsiyaye maganin a ƙasa, ta cika kwalbar daga 'yar jarkar da ta zo da ita daga Makka.

"Inna!"

Tsohuwar ba ta ko razana ba.

"Zamzam ne, 'yar nan. Da irin wannan kwalba Zailani ya fara. Shekara biyar ina kallon ɗana kamar gawa. Ba zan bari a koya wa jikata ba."

"Yanka ta aka yi, Inna! Yanka!"

"Kin ji ta yi kuka? Jaruma ce, kullum ina gaya mata."

Zailani, da hayaniyar ta fito da shi, ya zare kwalbar daga hannun uwarsa. Bai dubi kowa ba, ya nufi tashar Katsina don ya karɓo wani maganin a asibiti.

Rahmatu ta tsaya tana kallon danshin da ƙasa ke shanyewa. A cikin ɗaki Yasmin ta ƙara cusa zanin a bakinta, don kada kakarta ta ji.