Mai Goge-goge Ta Dawo da Farar Riga

…kuma duk ɗakunan da ke asibitin nan, sai nan aka turo ta! Ɗakin mata. Shekara tara tana goge shi, ta san kowane tabo a ƙasansa, ta san gadon da ke kuka idan an ja shi. Yau ga ta cikin farar riga, ɗalibar aikin jinya, na'urar awon hawan jini a hannunta. Kai, zuciya, zauna mana!

Sau uku tana faɗuwa jarrabawar shiga. Uku! Ta huɗun, 'yarta ta fari ce ke riƙe littafi tana yi mata tambaya: "Umma, ba haka ba ne, sake." Ranar da sunanta ya fito a allo sai da ta sa wata ta sake karanta mata, ko ido ne ke mata gizo… Maigida wai da ma ya san ta fi ƙarfin bokiti. Sai ranar ya sani!

"Nas!"

Wa ake kira? Ta waiga. Ba kowa a bayanta. Ita ce! Tsohuwar gado na bakwai ce ke yafito ta. Nas… don Allah a ƙara faɗa.

"Sannu, Iya. Miƙo hannun."

Naɗa, matsa, saurara. Malama ta ce ban da gaggawa, a bar iska ta sauka a hankali. Shiru… shiru… ina bugun ya shiga? 'Yan ajinsu duk sa'o'in 'yarta ne, ranar farko har miƙewa suka yi, sun zaci ita ce malamar. Ke, saurara mana! Ga shi! Dum. Dum. Ɗari da sittin. Sauka, sauka… casa'in da biyar. Jinin ya hau. A da lambobin nan a takarda kawai take ganinsu, in ta ɗaga fayil za ta goge tebur. Yau da kunnenta ta ji su!

Sista, babbar nas ta ɗakin, wadda a da ke aiken ta kwaso zannuwan gado, tana sake awon da kanta. Ba ta ko ɗago kai ba. Shi ke nan, ta yi kuskure, gobe kowa zai ce ai da ma…

"Daidai ne. Rubuta, ki sanar da likita."

Daidai! Wayyo daɗi! Ana guɗa a gaban marasa lafiya kuwa?

Sai kakarin amai daga gado na biyu. Ƙafafu sun riga tunani, har ta cafki sandar mofar goge ƙasa. Wani hannu ya riƙe. Yaya ce, tsohuwar abokiyar aikinta, wadda kullum kwano ɗaya suke ci a bayan ɗakin wanki.

"Saki, Nas. Je ki riƙe mata kai, wannan nawa ne."

Da dariya ta faɗa, amma idonta na ƙasa.

Ta saki. Ta tallafi goshin matar, sannu, sannu, zai wuce. Mofa na zagaye takalminta a hankali, ba ta yarda ta taɓa shi ba. Azahar ta kusa, za a tashi cin abinci. Ɗalibai suna da ɗakinsu a sama, da kujeru, da fanka. To ita fa… ita yau a ina za ta zauna?