Takalmina a Ƙafar Yaya

Ana gab da tseren gudun kan duwatsu na sayi sabon takalmi, amma taurinsa ya ɗaye mini fatar diddige. Yayata, mai yi mini tsiyar “Wai wa ya biyo ka ne?”, ta ɗauke takalmin. Ƙafarmu ɗaya da ita.

Ashe da shi take takawa zuwa shagon ɗinkinta, ta dawo, kullum.

Ranar tafiyata wurin tseren ta miƙo mini shi, ya yi laushi tuɓus. Ta juya tana ɗingishi, dugaduganta duk filasta. Na buɗe baki zan yi godiya.

Ta ce, “Riƙe abarka. In ka zo na ƙarshe, kar ka dawo mini gida.”