A Buɗe wa Gulma Allo

Tun kafin a soma taron Malam Maigandi, shugaban manoman garin Gulma, ya kasa zama. Ya gyara kwamfutar a kan tebur, ya ja ta baya, ya sake matso da ita. Ya cire hula ya mayar. Ya leƙa ta taga ya ga manoman Gulma sun baje a ƙarƙashin dalbejiya, abokinsa Labbo kuma tsugune a gaban janareto yana lallaɓa shi kamar jinjiri mai rigima. Shi da kansa ya kore su daga ofishin ƙungiyar manoma da ke Argungu ya sa sakata, don in ya bar su ciki, gaishe-gaishe kaɗai za su cinye taron.

Maganar ba ƙarama ba ce. Wata ƙungiyar tallafa wa manoma za ta raba injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana, kuma ƙauyuka kaɗan ne za su samu. Bara tsadar fetur ta sa mutanen Gulma suka kashe injinansu shinkafa na tsakiyar ɗaukar ciki, suna ji suna gani ta ƙone a fadama. In aka sake yin haka bana, rabin samarin garin kudu za su nufa neman aikin ƙarfi. An ce kowane shugaban manoma zai yi bayani ta kwamfuta, ya nuna hotunan gonakinsa a allo kowa ya gani. Wanda bai nuna ba, ba a sa shi a lissafi.

Maigandi ba baƙauye ba ne, ya yi aikin malamin gona har ya yi ritaya. Amma wannan taron da mutum zai zauna shi kaɗai a ɗaki yana yi wa gilashi magana, bai taɓa kwanta masa ba. Wadda ta koya masa 'yarsa ce ta fari, ma'aikaciya a ofishin ƙungiyar tallafin na Birnin Kebbi. Ba ta da ta cewa a zaɓen, aikinta kawai riƙe taron: ta shigar da mutane, ta buɗe wa mai magana hanyar nuna allonsa. Ta zo gida ranar Asabar ta nuna masa koren maɓallin da zai danna, tana magana tana kallon tabarma, shi kuma yana saurare yana kallon bango.

Haka suke tun tana goye. 'Yar fari ce, kuma a gidan da Maigandi ya tashi, uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. In yana nemanta sai ya ce "ke", in zai ambace ta sai ya ce "yarinyar nan". Ƙannenta sun hau kafaɗarsa, sun ja gemunsa, ita ko kusa. Ba ƙi ba ne, Allah ya sani ita ce ta fi zama masa a rai. Kunya ce irin wadda ya gada, bai kuma taɓa tunanin akwai ranar da za ta tsaya masa a maƙogwaro ba.

Taron ya buɗe. Fuskoki suka bayyana a ƙananan akwatuna, kowa a ɗakinsa. Shugabar, Dakta Ummu Hani, daga Abuja take magana, mace mai gilashi wadda ba ta ɓata numfashi a kan gaisuwa. A wani akwati can gefe ga ofishin Birnin Kebbi: dogon tebur, mata huɗu, dukkansu da shuɗin mayafin ƙungiyar iri ɗaya. Maigandi ya gane tasa nan take, ta can ƙarshe kusa da taga. Ya kau da ido da sauri kamar an kama shi yana leƙe.

Mutumin Yauri ya yi nasa bayanin, hotunansa suka fito tas. Wani daga Jega ya biyo baya, ya zuba surutu har shugabar ta katse shi. Maigandi dai rabin hankalinsa na waje. Duk lokacin da janareto ya canza murya sai ya waiwaya wajen taga.

"Gulma," in ji Dakta Ummu Hani. "Malam Maigandi, bismillah. A taƙaita don Allah."

Ya yi sallama, ya kai yatsa kan koren maɓallin ya danna. Wani ɗan rubutu ya fito da Turanci, wai mai riƙe da taro bai ba shi izini ba. Ya sake dannawa. Rubutun ya sake fitowa, ko kunya babu.

"Ranki shi daɗe, abin ya ƙi. Ba a buɗe min ba."

"Baba, koren za ka danna," in ji ɗaya daga cikin matan Birnin Kebbi, da muryar da ake yi wa tsoho bayani.

"Shi nid danna."

"To netwok ɗinka na. Ka ɗan jira."

Ba netwok ba ne, ya sani sarai. Da aka gama da mutumin Jega an rufe hanyar, aka manta ba a sake buɗewa ba. Wadda za ta buɗe kuwa ta juya baya, waya a kunne, hannu ɗaya toshe da ɗaya kunnen, da alama wani shugaban manoma ne da taron ya jefar waje take ƙoƙarin dawo da shi. Ba ta ma san an zo kan Gulma ba.

"Ke," in ji Maigandi. Ya ɗaga murya. "Ke!"

Mata uku suka ɗago kai, har da wata baƙuwar fuska a wani akwatin daban. A tsakar gida "ke" ɗinsa ba ta taɓa ɓata hanya ba, domin ido na raka ta. A nan kuwa duk wanda ya kalla, kowa ya kalla. Ya nuna ta da yatsa a jikin gilashin, sai ya ga hannunsa a nasa akwatin yana nuna banza.

"Da wa kake, Malam?" Dakta Ummu Hani ta tambaya.

"Yarinyar nan. Wagga mai shuɗin mayahi."

Wani ya yi dariya bai kashe makirfonsa ba. Matan suka dubi juna, suka dubi mayafansu.

"Su huɗu ne, kuma duk shuɗi ne," in ji shugabar. "Ni sabuwa ce, ban gama sanin ma'aikatan Kebbi ba. Faɗi sunanta a taɓo ta."

Ya lalubi wayarsa ya kira lambarta, aka ce tana kan wani kiran, abin da idonsa ma ke gani. Ya miƙe tsaye, kansa ya fice daga hoton, sai cikinsa da aljihun riga kawai ake gani. Ya yi taku biyu wajen taga don ya kira Labbo ya zo ya faɗa a madadinsa. Labbo na can ya ba da baya, kansa cikin hayaƙin janareto, ko ganga aka buga ba zai ji ba. Ya dawo ya zauna. Haushi ya kama shi, na kwamfutar, na matar Abuja, na yarinyar da ta zaɓi wannan lokacin ta juya baya, har da na kansa.

"Malam Maigandi, akwai mutane a bayanka," in ji Dakta Ummu Hani, tana jan wata takarda gabanta. "In hotunan ba su samu ba, sai mu wuce. Wataƙila a zagaye na gaba."

Zagaye na gaba yana nufin bayan rani. Ya tuna yadda fadamar ta yi fari fat bara, da yadda Labbo ya tsaya a bakin gonarsa yana kallon shinkafarsa a ƙone.

"Ni'imatullahi."

A hankali sunan ya fito daga bakinsa, da ƙyar, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Shugabar ta ce, "Na'am? Ba mu ji ba."

"Ni'imatullahi!"

Ta sauke wayar daga kunne. Ba allon ta duba ba. Ta waiwaya wajen ƙofar ofishinsu, ta dubi abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya, tana neman wanda ya kira ta. Ta san muryar, ta san sunan, amma ba ta taɓa jin su tare ba. Wannan waige-waigen nata ya soki Maigandi fiye da duk abin da ya faru a ranar. Sai ta kusa da ita ta nuna mata allon.

Ta daɗe tana kallonsa. "Na'am, Baba."

"Buɗe min," ya ce, idonsa a kan tebur.

Ta buɗe. Ya danna, sai ga fadamar Gulma ta cika allon kowa: shinkafa a tsaye ta bushe, ƙasa ta tsattsage, injinan fetur a jere an lulluɓe su da buhu. Ya yi bayanin rijiyoyin da suka riga suka haƙa, da yadda za su raba ruwa tsakanin gonaki. Dakta Ummu Hani ta cire gilashi ta matso. Da ya gama ta yi tambayoyi biyu masu tsauri, ya amsa, ta ce a sa Gulma cikin garuruwan da injiniyoyi za su je su auna.

Sauran taron bai ji ko kalma ɗaya ba. Da aka yi addu'a aka tashi, akwatunan suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Shi bai san inda ake danna fita ba, don ba su kai nan a darasin ba. Matan Birnin Kebbi uku suka kwashi jakunkunansu suka fice. Saura akwati biyu a allon, nasa da nata, kuma ita ce mai rufe taron.

Ba ta rufe ba. Ta jawo kujera kusa, tana murza bakin mayafinta, idonta ya yi ja.

"Baba."

"Ina ji."

"Ɗazu netwok ya ɗan yanke. Ban ji da kyau ba lokacin da kak kira ni." Ta ɗago kai ta dube shi. "Mi kac ce?"

Netwok bai yanke ba, ya sani, ita ma ta san ya sani. A waje ya ji janareto na tari, manoma sun soma tasowa don jin yadda aka yi. Maigandi ya dubi taga, bai ga kowa ba tukuna. Ya gyara murya, ya matso da bakinsa kusa da kwamfutar.