Rigar Sanyin Isa

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, ku matso kusa, ta yau ba ta dariya ba ce sosai.

A unguwar Dilimi ta Jos aka yi wata Maimunatu, matar Haladu mai lodin kayan gwari a kasuwar Farin Gada. Ɗanta na fari, Isa, tun ranar yaye yayar mijin, Balaraba, ta ɗauke shi riƙo, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Kun san kunyar ɗan fari. Maimunatu ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane. Shi kuwa ya tashi yana ce wa Balaraba Inna, uwarsa kuma "matar Kawu".

A lokacin gwamnati ta buɗe makaranta kyauta, kowane yaro sai ya tafi. Kullum da safe Isa yakan wuce ta ƙofar gidan su Maimunatu da 'yar riga shara-shara, yana tari irin mai fitowa daga ƙirji. Sanyin Jos kuwa har cikin ƙashi yake shiga. Maimunatu tana ji daga bayan ƙyaure, ba damar magana.

Sai ta je wurin maƙwabciyarta Ulonma, Maman Anene, mai saƙa rigunan sanyi a baranda. Hausarta ta kasuwa ce, mace ma "shi" take ce mata.

"Maman Anene, ki koya mini."

"Zauna. Riƙe allura. Maimuna, ba muciya ba ne, sassauta hannu."

Saƙar farko ta fito kamar ragar kamun kifi. Zare ya zame, a warware, a sake. Yatsunta suka yi kanta. A hankali dai layi ya fara miƙewa, har ta iya wuya da bakin hannu.

"Wa ne mai riga? Kawo shi mu auna."

"Wani yaro ne."

"Yaro ba shi da suna?"

Maimunatu ta sunkuyar da kai. Da ido take aunawa in ya gifta, ta dawo ta ce taƙi kaza. Da aka gama, Haladu ya kai rigar gidan Balaraba a matsayin tsarabar kasuwa, ta ƙi wuce kan yaron. Ya dawo da ita. Ta zauna tana warwarewa, hawaye na ɗiga a kan ulun.

Ulonma ta tsare ta har ta faɗi gaskiya.

"Ɗanka ne? Ka haife shi, ba ka iya taɓa shi? Ni nawa, ko yana wanka zan jawo shi in auna."

"Haka muke yi. Don Allah ki bar maganar."

Ba ta bari ba. A ganinta taimako ne. Ta ɗauki tef ɗinta na awo ta tafi gidan Balaraba, ta tarar da mata cike da tsakar gida ana tsintar shinkafa. Ta kamo Isa.

"Ɗaga hannu, yaro. Mamanka yana saƙa maka riga, yana kuka saboda tari naka."

Isa ya dubi Balaraba. "Inna, ke kike saƙawa?"

"A'a, mamanka na gaske," in ji Ulonma. "Maimuna."



Da la'asar Balaraba ta zo wurin Maimunatu da kanta, ko zama ba ta yi ba.

"Wato ni na kasa riƙo, shi ne kika aiko a faɗa mini a gaban jama'a."

"Yaya, wallahi ban aike ta ba."

"In ɗanki kike so, sai ki buɗe baki ki ce."

Ku duba fa, kalma ɗaya ce. Maimunatu ta buɗe baki, kunya ta riƙe mata harshe. Abin da ya fito shi ne, "Naki ne, Yaya."

Ta ƙarasa rigar da awon da Ulonma ta kawo, ta fito daidai, ba rami ko ɗaya. Balaraba ta karɓa ba godiya, ta sa masa, tarin ya yi sauƙi. Amma ta canja masa hanyar makaranta, kafin damina kuma suka koma Bauchi wurin dangin mijinta.

Ƙurunƙus. Isa ya girma a Bauchi, in ya zo Jos yakan gaida Maimunatu daga bakin ƙofa, bai san da wane suna zai kira ta ba. Balaraba ba ta ƙara taka gidan ba. Ulonma ta yi ta ba da haƙuri, suka ci gaba da gaisawa sama-sama. Maimunatu ta ƙware, yaran unguwa da yawa saƙarta suka sa.